Ranar da Na'ura Ta Ƙi Yatsun Manoma

Ba zan taɓa mantawa da rabon irin da muka yi a Gwaram ba, ko da na so. Lokacin ina aiki da wani kamfanin irin shinkafa a Birnin Kudu, kuma ni na dage aka sayo manhajar da manomi zai dangwala yatsa ya karɓi buhunsa. Da rani muka yi wa manoma rajista. Gwaji kuwa, a kan 'yan ofis na yi shi (mu da aikin ƙarfinmu bai wuce ɓare gyaɗa ba). Ba wanda ta ƙi.

Baba Idi, mai kula da sito, ya ce, "Malam, a tafi da tsohon littafin sunaye mana, ko da wani abu."

Na ce, "Haba Baba, an wuce zamanin biro." Na kulle littafin a durowa, na jefa makulli a aljihu ina wani fankama.

Ranar rabo fili ya cika, wasu tun daga Sara da Zandam. An sami ruwa, kowa so yake ya yi shuka kafin ƙasa ta bushe. Na yi dogon jawabi, sannan na kira shugaban manoman, Alhaji Musa, ya buɗe rabon. Ya dangwala, na'ura ta nuna ja. Ya goge yatsa a riga, ja. Ya sa miyau, ja. Waɗanda suka biyo baya ma haka, sai ɗai-ɗai ta karɓa. Ashe sharar gona da huɗa sun cinye zanen yatsunsu.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina noma da hannun nan. Yau akwatinka ya ce bai san ni ba?"

Kunya kamar in nutse. Baba Idi bai ce "ai na faɗa" ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ga mai acaba can."

Kafin in je Birnin Kudu in dawo da littafi, la'asar ta yi, na nesa sun tafi hannu rabbana. Wasunsu sai da suka jira wani ruwan kafin su yi shuka, saboda ni.

Yanzu duk manhajar da aka kawo, kafin in kalli allonta sai na kalli hannun da zai taɓa ta. A Gwaram kuwa har yau Malam Dangwale suke kirana, kuma ina amsawa.