Ranar da Na Yi wa Kaina Ta'aziyya

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da washegarin Babbar Sallar bara waccan ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar da ƙasa za ta tsage, da na shige ban ko waiwayo ba.

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni. Ni mai son mutane ce. Ina son hira, ina son a cika mini tsakar gida, duk wanda ya shigo zan shimfiɗa masa tabarma in tambayi lafiyar kowa har ta akuyarsa. Abu ɗaya ne ya gagare ni: in ɗauki abu in miƙa. Hannun ne ba ya buɗewa. (A lokacin ba rowa nake kiran abin ba, tattali nake cewa.) Tun rasuwar maigidana nake zaune ni kaɗai a gidanmu na Ƙarfi, bayan masallacin unguwa, kuma ina da wani ɗan ɗaki na ajiya wanda makullinsa ke ɗaure a bakin zanena ko wanka zan shiga.

A Sallar nan ɗana Nasiru, da ke aiki a Kaduna, bai samu zuwa ba, sai ya aiko mini da rago. Rago ne na gaske, mai wuya kamar turmi. Kun san yadda ake yi a wajenmu: a yanka ranar Sallah, a rataye, washegari a yayyanka a soya, a zuba a kwano a bi gidajen maƙwabta da 'yan'uwa. To ni rabon nan ne yake tsaya mini a rai. Don haka ana gama fiɗa na tura ƙofa, na ɗora kasko, kafin la'asar sakaliya na soye ragon nan kaf na ɗura a gwangwanaye na kai ɗakin ajiya.

Ina cikin wanke kasko sai ga Ladidi ta shigo barka da Sallah. Ladidi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, shekara ashirin muna tare. A shekarar mijinta yana kwance ba lafiya, ba su yi layya ba, kuma na sani sarai. Gidan yana ta ƙamshin suya, hannuna duk maiƙo, na dubi idon matar nan na ce mata ragon bana bai yi auki ba, ƙashi ne da fata. Don in toshe maganar gobe kuma, na ƙara da cewa jiri ke ɗibata tun safe, da gari ya waye zan tafi Gozaki wajen Yaya Abu, yayata, ta karɓo mini magani.

Ladidi ta yi ta jera mini sannu. Ta ce ko ta raka ni, na ce a'a. Da safe ina shirin fita sai ga ta da kofin kunun tsamiya, wai kada in hau hanya ciki ba komai. Na shanye kunun nan tas, jama'a. Har na ce tsamiyar ta ɗan yi yawa.

Na kulle gida, na sa takunkumi a fuska don ƙaryar ciwon ta zauna da kyau, na kashe waya (ina tattalin caji), na tafi. Ni da ba na son fita, ga ni a kan titi washegarin Sallah saboda gudun kwano uku na nama. A Gozaki na ci tuwon Yaya Abu, na ci naman Yaya Abu, na karɓi ƙullin naman da ta ba ni, kafin azahar na yi sallama. Na biyo ta Malumfashi na ɗan leƙa wata ƙawata don rana ta ƙara yi, yadda in na koma an gama rabo kowa ya gaji. Sai wajen la'asar na shiga motar Ƙarfi.

Allah ya ba ni kunne. Ko raɗa ake yi a bayan ɗaki ina iya tsinto ta, kuma a da ina alfahari da hakan. A kujerar bayana akwai mata biyu, ban san su ba, da alama 'yan wata unguwa ce ta garinmu. Na ji ɗaya tana gaya wa ɗayar cewa yanzu aka bugo mata waya an yi rasuwa a Ƙarfi, wata Hajiya ce. Ni kuwa ba a hira a bar ni. Na juya na yi salati, na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba iyalanta haƙuri. Sannan na tambaya wace Hajiya ce.

"Hajiya Babu," in ji ta.

Na ce ban san ta ba. Ta ce ai ba sunanta na yanka ba ne, laƙabi ne, don komai ka je nema gidanta, gishiri ko garwashi, tun kafin ka rufe baki za ta ce babu. Wallahi sai da na yi dariya. Ɗayar ta ce ita ta ji an ce dunƙule ɗaya take rabawa huɗu, kuma kajin maƙwabta sun daina shiga gidan don ba abin da ke faɗuwa ƙasa. Na girgiza kai na ce irin waɗannan mutane sai dai addu'a, duniyar nawa take. (Ni ce fa da bakina.) Hira ta yi daɗi, na gyara zama na tambaya a wace unguwa marigayiyar take.

"Bayan masallaci. Uwar Nasiru na Kaduna. Wai da safe ta tafi Gozaki neman magani, can ta cika."

Ban san lokacin da na mintsini cinyata ba. Da zafi. Na juya na fuskanci gaba, na ja takunkumina har ƙarƙashin ido. Su kuwa suka ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai, tun daga nan har muka shiga gari suna laluben alheri ɗaya da za su faɗa a kan mamaciyar, kamar yadda ake yi, sun rasa. Can ɗaya ta ce an dai ce tana da fara'a. Ɗayar ta ce fara'a ai ba a tuƙa tuwo da ita. Daga nan suka koma zancen tsadar taki.

Da na sauka na nufi gida. Tun daga zaure na ga takalma birjik, ƙofar da na kulle a buɗe. Na cire takunkumi, na yi sallama da muryata ta kullum.

Ban taɓa sanin matan unguwarmu suna da gudu haka ba. Wata ta tsallake turmi da goyo a bayanta. Wasu uku suka cusa kansu a ƙofar banɗaki lokaci ɗaya. Inna Kande, tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ta miƙe ba sanda, ta manne da bango tana jan duk addu'ar da ta zo bakinta, tana cewa fatalwa da rana tsaka. Ni kuma ina tsaye da ƙullin naman Yaya Abu a hannu, ina cewa ni ce, ku tsaya, ni ce, wanda hakan ya ƙara tsorata su.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Ladidi ta taso daga bakin murhu, idanunta sun kumbura sun yi jawur, ta zo ta kama wuyan hannuna ta riƙe.

"Da ɗuminta," ta ce wa mutane. Sai ta faɗa jikina ta fashe da sabon kuka.

A hankali aka dawo aka warware mini zancen. Ashe bayan tahowata, gwaggon mijin Yaya Abu, wata tsohuwa da ke zaune a gidan, Allah ya yi mata rasuwa. Sunanmu ɗaya, ita ma Hajiya ce. Wani ya bugo Ƙarfi ya ce Hajiya wance ta rasu a gidan su Yaya Abu, ni kuma na riga na shelanta ciwo da tafiya Gozaki. Aka kira wayata a kashe. Aka kira Nasiru, ya kamo hanya yana kuka. Liman da mazan unguwa suka cika mota suka nufi jana'iza.

Ina jin wannan bayani ne idona ya sauka a tsakiyar gida, sai na ji dama fatalwar ce ni, in ɓace. An ɓalle kwaɗon ɗakin ajiya. Dalili kuwa, na taɓa gaya wa Ladidi cewa likkafanina da na sayo a Makka, na wanke da ruwan zamzam, yana cikin akwati a ɗakin, don haka aka shiga nema a ba maza su tafi da shi. Akwatin yana can ƙarshe, dole sai da aka fito da komai. Ga gwangwanayen ragon da na ce ƙashi ne da fata, a jere, har guda bakwai. Ga biyu na layyar da ta gabaci wannan da suka yi fumfuna. Ga dabinon aikin Hajjina na shekara biyar, wanda na ce wa 'yan taryata jaka ce ta ɓata a jirgi, ya zama gari ƙwari suna yawo a ciki. Sabulai, atamfofin da ko warware su ban yi ba, buhun gishiri. Gishiri fa, wanda na fi kowa cewa babu.

Kowa ta sami wurin kallo, wata sama, wata farcen ƙafarta. Na lura an yafa wani zane a kan gwangwanayen, ya rufe rabi ya bar rabi. Zanen Ladidi ne.

Ana cikin haka wayar Ladidi ta yi ƙara. Wayar nan tata ta faɗa ruwa tuntuni, ba a jin magana sai an sa ta a fili kowa na ji. Liman ne daga Gozaki. Sun isa sun tarar da gaskiyar zance, Ladidi ta ce masa ai ga ni ma tsaye, ya yi hamdala ya ce a ba ni.

"Hajiya, barka da arziki. To ga likkafaninki a hannunmu. Baiwar Allahn nan an gama yi mata wanka, lokacin Sallah ne shaguna a rufe, ana ta neman yadi ba a samu ba. A dawo miki da shi ne, ko yaya za a yi?"

Daga inda nake tsaye ina jin tafasar ruwan da aka ɗora na zaman makokina. Ba zan ɓoye muku ba, amsar da na saba ta riga ta hau harshena. Daga Makka fa na ɗauko shi. Na dubi dabinon nan da na hana mutane na ba ƙwari, na dubi fuskar Ladidi.

"Malam, a sa mata. Allah ya jiƙanta."

Sai Inna Kande ta leƙo daga jikin bango ta ƙare mini kallo.

"Ku dai sake taɓa ta," ta ce. "Anya ba fatalwar ba ce?"

Dariyar da aka yi a gidan nan sai da aka jiyo ta a masallaci. Ni ma na yi, hawaye na zuba, ban san na kunya ba ne ko na me. Tunda kaya sun riga sun fito, na ce kowa ta kawo kwano. Na zauna a kan turmi na buɗe gwangwanaye, ina zuba wa kowa. Nasiru ya iso bayan nan ya tarar da uwarsa da ya taho binnewa tana rabon nama, ya tsaya a ƙofa ya kasa gane wanne ne ya fi ba shi mamaki.

Daga baya mata suka ba ni labarin abin da ya faru kafin in shigo. Da aka fara fito da kayan an soma ƙus-ƙus, Ladidi ce ta tsawatar. Ta ce a bar mamaci ya huta, ta ce ranar da ta rasa ɗanta na fari ni ce na zauna da ita kwana bakwai ban gusa ba, ta ce kowa da irin abin da yake iya bayarwa. Abin da matan mota suka rasa, ita ta samo mini. Da muka keɓe na roƙe ta gafara a kan maganar rago, ina ta kame-kame. Ta ce in bar wahalar da kaina, katangar da ke tsakaninmu ba ta tare ƙamshi, tun da na ɗora kasko ta san komai.

Ba zan ce na zama wata shahararriyar mai kyauta ba. Har yanzu in na ɗebo abu, hannuna yakan ɗan girgiza ludayin don kaɗan ya koma. Amma ina miƙawa, kuma kullum ina gode wa Allah da ya jiyar da ni zaman makokina tun ina da sauran damar gyarawa, don mutane da yawa sai sun kwanta dama ake faɗin nasu. Ina gode wa tsohuwar nan ta Gozaki da ban taɓa yi wa ko sannu mai kyau ba, ina sa ta a addu'a. Kwaɗon ɗakin kuwa ban sake sayen wani ba. Na gane duk abin da mutum ya kulle, akwai ranar da maƙwabta za su fito da shi tsakar gida su jera, gara ya fito da shi da kansa tun yana iya zaɓen wanda zai fara nunawa. In kuma kuka ji ana zagin wani mamaci a mota, ku fara tambayar unguwarsu kafin ku sa baki.