Harajin Surukina a Kan Sunana

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da gwamnatin jiharmu ta san da zamana a duniya ba.

A lokacin ina neman auren Maryam, kuma ban mallaki komai ba sai digiri da kyakkyawan lafazi. Mahaifinta, Alhaji Bawa, ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora, yana saro masara daga Nasko da Rijau. An aiko masa da takarda cewa akwai ragowar harajin kuɗin shiga a kansa, kuma sai ya biya za a ba shi takardar shaida. Idan Juma'a ta yi babu ita, kwangilar kai hatsi wata makarantar kwana za ta wuce shi.

Ranar Laraba na je gaishe shi, na tarar yana shirin tafiya banki. Na gyara zama, na bayyana masa cewa hanyoyin biya uku ne: layin banki, ko na'urar kati a ofishin haraji, ko kuma waya. Na ƙara da cewa ta ukun ita ce ta masu ilimi (Allah Ya yafe mini).

"Ni dai na saba in ga hannun da ya karɓa, in sa rasit a hula," in ji shi.

"Baba, ai zamanin hula ya wuce."

Ya dube ni jim, sannan ya turo mini kuɗin.

Da yake ni mutum ne mai tsari, da na koma gida sai na yi gwaji tukuna. Na cike fom da sunana, aka ba ni lambar biya, na rubuta. Na cike da sunansa, aka ba ni wata, na rubuta ta a ƙasa. Ban sa suna kusa da kowacce ba, domin na yarda da ƙwaƙwalwata.

Washegari da safe na biya ta wayata a gaban rumfarsa, 'yan kasuwa sun kewaye ni, ina yi musu sharhin kowane mataki. Na buga rasit, na duba adadin kuɗin har sau uku, na naɗe a ambulan, muka nufi ofishin haraji.

Hajiyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce, "Alhaji, naka yana nan daram, ba a taɓa shi ba." Sannan ta karanto sunan da ke kan rasit da ƙarfi. Nawa ne, cikakke, har da na kakana.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Ina... neman aiki, Hajiya."

"Ikon Allah! Ku zo ku ga wanda ya biya harajin zaman gida!"

Har mai gadi ya leƙo. Na nemi a mayar da kuɗin, cikin Hausa mafi tsabta da na taɓa yi. Ta ce in rubuto takarda, in kuma tanadi haƙuri mai yawa. Alhaji ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar.

Kafin azahar na sayar da wayar, na haɗa da abin da nake tarawa na lefe, na mayar wa Alhaji kuɗinsa. Muka bi layin banki, ina bayansa kamar jela. Aka buga masa hatimi, rasit ya shiga hula, takardar shaida ta fito, kwangila ta tsira.

Ranar da baffannina suka je neman aure, wani kawun Maryam ya tambayi aikin da nake yi. Alhaji ya riga kowa amsawa: "Aiki dai babu. Amma ni shaida ne, gwamnati ba ta bin sa ko kwabo."

Tun daga ranar nake karanta sunan da ke kan takarda kafin in yi wa kowa lacca. Na kuma ɗinka hula mai zurfi.