Ranar da Kwamfuta Ta Haifi Hajiya Binta

"Lafiya lau, ragon miji. Ko tashi ba za ka yi ba?"

Hajiya Binta ce, tsohuwar ungozoma, ta hawo adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi don ta ga abin da ya ɗauke mata jikanta Mu'azu. Shi ya rubuta wa wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tarauni manhajar rajistar jarirai, yau za a fara aiki da ita. Masu goyo sun cika benci suna jira, shi kuwa sai gumi yake gaban kwamfuta.

"Tsohuwa, ba na sake ki tun bara ba?"

"Kai da ko majinarka ni na share? Me ya jiƙa ka haka?"

"Na tsara manhajar nan, duk jaririn da aka shigar, ta sa masa ranar yau, ta fitar da ranakun rigakafinsa. Ga shi yaran da na shigar jiya duk sun koma haihuwar yau. Har ke, da na gwada da sunanki."

Ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ni aka haifa yau?"

"Da hantsi. Ga baki ba haƙori, ai ba ta yi ƙarya ba."

"To yarinya ɗanya ta fi ƙarfinka, nemi sa'arka."

Ya zuba wa allon ido. Can ya bugi cinya.

"Na gano! Na sa umarnin a inda take haɗa bayanan mutum. Ashe ko tsohon suna aka ɗauko daga rumbun ajiyar sunaye, nan yake biyowa. Bari in ce ta fara dubawa: mai lambar rajista tsoho ne, ta ƙyale shi."

Ya yi 'yan danne-danne, kowa ya koma ranarsa. Sista Lydia, nas ɗin wurin, ta faɗi sunan jaririyar da aka haifa ɗazu. Yana shigarwa, ranakun allurai suka jeru da kansu. Hajiya ta bi jerin da kallo. Shekara da shekaru da yatsu da kalanda take wannan lissafi.

"Tsohuwa, bakin ya mutu?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta kwance bakin gyale ta miƙa masa alewar madara.

"Na sallama. Allah mai iko! Wai wannan ƙaton kan naka, ashe ba iska ce a ciki ba."