Rasuwar Wasan Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da ba zan ɓoye ba, ni mai gyaran firiji na bakin kwana, a madadin kaina ni kaɗai tunda sauran mutanen gidan dariya suke yi, ina sanar da rasuwar wasanmu na kwali, wanda aka fi sani da Gada.

Marigayin haifaffen shagona ne. Kwalin firiji ne da nake shimfiɗawa in zan duba ƙasan inji, har ranar da Auta ta ɗauke shi. Auta 'yata ce, tana jami'a tana karatun ƙirƙirar wasanni. Ni ma da na fara ji sai da na ce a maimaita mini. Malaminsu ya hana su taɓa kwamfuta sai sun fara yanka wasan a kwali, sun ba mutanen gida sun buga, su kuma su koma gefe su yi shiru suna kallo.

Haka aka zana masa kogi, aka manna gada ɗaya a tsakiya. Kowa na da kayan da zai tsallakar kafin su ruɓe a bakin ruwa. Uwar yara da marfin kwalba take bugawa, ƙanena da maɓalli, ni kuwa da notin ƙarfe.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba, bai san an ɗauke wuta ba. An zuba masa shayi ya shanye bai yi ƙorafi ba. Har yanzu ina jin muryarsa: kacau-kacau na ƙwayar lido cikin gwangwanin madara, sai ƙwas in notina ya sauka.

Babban halinsa na kirki shi ne bai taɓa bari an ci ni ba. Na lura kayan da ke kan gada ba sa ruɓewa, sai in hau in zauna abina har na kowa ya lalace. Uwar yara ta ce, "Haba maigida, ka matsa mana mu wuce!" In ce, "Nuna mini inda aka rubuta in matsa." Auta na gefe tana murmushi. Na ɗauka alfahari take yi da ubanta.

Ashe ciwon ajali take dubawa. Ta kai shi aji ta nuna dabarata. Malamin ya ce wasan da mai zama wuri ɗaya ke cinyewa ya riga ya mutu, numfashi ne kawai ya rage, kuma in ta kai shi jarrabawar ƙarshe a haka za ta faɗi. Ta dawo ta sa masa almakashi a tsakiyar falo. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙyas.

Ta ce, "Baba, da ba ka kashe shi a gida ba, da a gaban masu jarrabawa zai mutu, ya tafi da ni." Ba na haɗa kwali da 'yata a sikeli. Amma ai da ta bari na yi zagaye ɗaya na ban kwana.

Ya rasu ya bar marfin kwalba, da maɓalli, da gwangwani, da magaji marar tarbiyya: sabon kwali wanda gadarsa ke rushewa in ka daɗe a kai. Zaman farko na faɗa kogi da kayana, uwar yara har da tafi. Auta ta ce in nemo mata raunin wannan ma kafin jarrabawa. Na karɓi aikin. Ba zan ji tausayinsa ba.

Za a kai gawar zuwa buhun mai sayen tsohon kwali gobe da safe. Ana karɓar gaisuwa a shago, mai zuwa ya taho da kwali mai kauri, mai dariya ya zauna a gida. An yafe wa uwar yara zaman makoki, fuskarta ba ta dace ba.

Gadar kuwa ba za a tafi da ita ba. Na tsince ta a shara, na manna notina a kai da gam, tana cikin akwatin kayan aikina. Mai son wucewa ya jira.