Yadda Na Zama Wi-Mushe

A zamanin Turawa ni ke tuƙa motar kaya tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma a ganina duk Gobir babu direba kamata. Ranar da Alhaji Mamman mai goro ya ɗauke ni mu kai kaya Maraɗi, ya tambaye ni ko ina jin Faransanci.

Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Ni za ni yi magana."

Duk Faransancin nawa "wi, mushe" ne, wato "e, ranka ya daɗe."

Muka tsallake iyaka ina bin hannun hagu kamar yadda ake yi a gida. Direbobi suna ta danna mini ham, ni kuwa ina ɗaga musu hannu, wai sunana suka ji.

Wani jandarma Bature ya tsayar da mu, ya shiga zuba tambayoyi. Kowacce na amsa da "wi, mushe," har da murmushi. Alhaji yana ta gyaɗa kai don alfahari.

Sai tafintansa ya ce, "Malam, ya ce ka san hannun dama ake bi a ƙasarga, ka ce e. Da gangan ka yi, ka ce e. Giya ka sha, ka ce e."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ashe har giya?"

A tsare muka kwana, goro ya bushe. Har yau in matata ta tambaye ni ko na ƙoshi, kafin in buɗe baki jikokina sun amsa mata da Faransanci.