Ranar da Na Share Daɓen Kwarbai

Ba zan taɓa mantawa da satina na uku a gidan adana kayan tarihi ba, ko da na so in manta.

An tura mu wani tsohon zaure a Kwarbai inda aka tono daɓe na tun kaka da kakanni, wanda aka jera da tsingaro, wato gutsattsarin fasassun tukwane, da fararen tsakuwa, zane cikin zane. Aikinmu mu ɗauke shi lafiya a kai shi inda jama'a za su gani. Maigidana a wurin aiki, Malam Yohanna, mutumin Wusasa, ya kwashe kwanaki a durƙushe da ɗan buroshi. Duk tsingaron da ya ɓalle sai ya ajiye shi daidai bakin raminsa, kafin a manna. (Ya yi mini bayanin wannan kuwa. Ina can ina duba waya.)

Ranar da shugabanmu zai zo dubawa, Malam ya tafi Ƙofar Kibo taro shi. Ya ce, "Ki zauna nan, kada ki bar kowa ya shiga."

Ni kuwa zama ba ya cikin halina. Na zauna, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Sai idona ya faɗa kan daɓen: ƙura, ɓaraguzai ko'ina! Manyan baƙi za su zo a tarbe su a haka? Ni da aka raina da duka a kan shara? Na shiga cikin gida na aro tsintsiya wurin Hajiya mai gidan. Na yayyafa ruwa, na share tas, na kwashe tarkacen na kai juji. Har da gyara mayafi, ina jiran yabo.

Da suka iso, Malam Yohanna ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ina tsingaron da ke nan?"

"Na zubar, Malam. Ai wurin ya yi kyau yanzu."

Bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Tabarau kawai ya cire ya zauna a dakali. Hajiya ta leƙo ta ce, "Wayyo 'yar nan, da na san abin da za ki yi ke nan da na ce ba mu da tsintsiya."

A gaban shugaba na durƙusa a juji ina tona da hannu, kaji na taya ni. Mun tsinto mafi yawa, amma babu wanda ya san ramin kowanne, ruwan kuma ya jiƙa ƙasar da ke riƙe da gefe guda.

Yau daɓen yana ɗakin nuni, da wani fili a kusurwa, faɗin faifai, da aka cike da zallar laka. Ni ce mai zagayawa da baƙi, kuma kullum sai wani ya nuna wurin ya tambaya. Nakan ce, "Wata mai ƙwazo ce ta yi." Tun daga nan, in na ji hannuna na ƙaiƙayin taimako, sai in tambaya tukuna ko an nema.