Ranar da Akwatin Yaya Ya Yi Numfashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin Yayana ba. Ni ne mushen, wato malamin, da ke koyar da kimiyya a lakwal ɗinmu, makarantar boko ta Matameye, kuma duk gidanmu an san ni da yi wa masu tsoron aljanu dariya. Shi ya sa da Yaya ya rasu a wajen ci-rani a Kano, aka kawo akwatinsa na ƙarfe, ɗakina aka kai shi. Matarsa, Rabi, ko kallonsa ba ta iya yi.

Bazara ce, ɗakin nawa kuma rufin kwano. Da rana tsaka, gida cike da jama'a, Baffa ya ce, "Mushe, ɗauko akwatin nan a buɗe gaban kowa."

Ina shiga na ji ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ni kuwa ba na ajiye turare. Sai akwatin ya ce ƙas. Na tsaya. Ya sake cewa ƙas, sannan ya ja wani dogon huci irin na mai barci. Farin hayaƙi ya siraro ta ƙasan murfin, yana bin tabarma, ya nufo ƙafata. Wallahi tsoro ya kama ni har cikin ƙashi.

Na yi wa akwati sallama (e, sallama, har da rusunawa). Da ya sake huci, ban san lokacin da na faɗo tsakar gida ba, takalmi ɗaya, na yi ciki da kwanon waina, ina ihu, "Yaya ya dawo!"

Baffa ne ya jawo akwatin da fartanya zuwa kan rairayi, ya ɓalle murfin. Batirin cajin wayar Yaya ne, zafi ya dafa shi, ya kumbura kamar fanke. A jikinsa ga haruffan nan biyu na lityum, ƙarfen da ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai bai fi ruwa nauyi ba, kuma batirinsa ba ya shiri da zafi.

Maza suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Rabi ce kawai ba ta yi ba. Ashe da ta ji ihuna, gyara lulluɓi ta yi ta fito bakin ƙofa. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Da wani ne ya faɗa, da ban tashi ba."

Tun ranar na daina ajiye batir a ɗakin kwano. Dariyar masu tsoron aljanu ma na bar wa waɗanda akwati bai taɓa yi wa huci ba.